Faifan Waƙar Baba

Ran nan a ɗakin malamai gardama ta kaure a kan faifan kwamfuta, irin na dā ɗin nan mai kusurwa huɗu da ake ce wa fulofi. Wata tsohuwar durowa aka share, aka tsinci guda ɗaya a can ƙasa. Matasan cikinmu ba su taɓa riƙe shi ba, suka yi ta juya shi suna dariya, wai ashe ɗan hoton nan da suke dannawa in za su ajiye aiki yana da jiki. Wani ya ce yanzu duk duniya ba mai amfani da shi. Wani ya ce a'a, ya ji ana cewa akwai tsofaffin injina a wasu ƙasashe da har yau sai da shi suke aiki. Ni ina gefe ina duba takardun yara, na ce musu a gidanmu har gobe ana amfani da shi, kuma ba fashi. Suka ɗauka zolaya nake yi. Ban ƙara komai ba, domin labarin nan in na fara shi raina ɓaci yake yi, ga shi kuma ina da aji.

Mahaifinmu malamin zaure ne, kuma manomi, a wani ƙauye da ke gefen titin Gezawa. Garinmu irin garin nan ne da gona ke manne da gona, in ka yi atishawa a taka na kusa zai ce maka yarhamukallah. Rabin maganganun da ake kawo wa Baba sulhu a kan iyaka ne: wane ya tura garma ta ci kunya guda, wane ya tumɓuke gambar da aka dasa a tsakani. Wannan ne ya sa tun yana saurayi ya fara tsara wata doguwar waƙa ta wa'azi a kan haƙƙin maƙwabci da cin iyaka da zakkar hatsi. Kowace damina sai ya ƙara baitoci, ya rubuta da ajami, ya zuba a gafakarsa ta fata da ke rataye a ɗaki.

Da girma ya zo, yanar ido ta rufe masa gani, ya daina buɗe gafakar. Wata rana wani tsohon ɗalibinsa ya zo neman kwafin waƙar. Baba ya sa aka sauko da gafaka, ya zura hannu, sai ya ji ƙasa. Gara ta biyo bango ta shiga ta cinye takardun tas, ta yi gininta a ciki. Ya ce innalillahi, ya kakkaɓe hannunsa, amma ranar ko ruwan koko bai sha ba. Inna, mahaifiyarmu, ita ce ta fi shiga damuwa, don ita ke share ɗakin, sai ta ɗora wa kanta laifin duk da ba wanda ya ɗora mata. Daga ranar gara ta zama abokiyar gabarta. Ko a bakin rumbu ta ga layin gininta sai ta tsaya ta rushe shi tana tsine mata.

Waƙar ba ta rage a ko'ina ba sai a kan Baba, Baba kuwa jiki ya fara ƙi.

Shekarun nan ne na wahalar mai. Motar haya sai ka yini a bakin titi ba ka ga guda ba, mutane sun koma zuwa kasuwar Gezawa a ƙasa. Kananzir ya zama abin ɓoyewa a ƙarƙashin gado, taki kuwa sai wane da wane. A cikin wannan hali ne Yayana, wanda ke aikin ofis a wajen Rijiyar Zaki, ya samo wata tsohuwar kwamfuta ta gwanjo ya kawo gida. A saman mota ta zo tsakanin buhunan gawayi, daga bakin titi kuma aka ɗoro ta a amalanke. Fara ce da ta koma ruwan ƙwai don tsufa, kashi uku: mai kama da talabijin, da akwatin da ke gurnani, da allon haruffa. Aka kafa ta a ɗakin Inna saboda shi ne mai siminti.

Yaya ya durƙusa gaban Baba ya ce masa abin da duk aka zuba a cikin injin nan gara ba ta cinsa. Inna ce ta matso ta ce ya maimaita, ya maimaita, ta ce to Allah ya yi maka albarka. Sai ya ciro wani ɗan abu baƙi na roba, bai kai tafin hannu ba, da ɗan ƙarfe a kansa mai zamewa, ya ce wannan shi ne faifai, a cikinsa ake ajiye rubutu. Inna, wadda da hannunta take saƙa faifai na kaba, ta juya shi gaba da baya ta ce faifan da ko ludayi ba zai rufe ba, lallai 'yan boko ba su da aikin yi.

Ni aikin ya faɗo wa. Na koyi buga tafireta a makarantar horon malamai, ina koyarwa a firamaren garinmu, kuma an riga an sa bikina bayan kaka, inda zan tare can wajen Watari. Wato damina ɗaya ce gare mu, ni da Baba da injin.

Tun ranar farko muka gane injin ba Bahaushe ba ne. Ba shi da ƙa, ba shi da ɗa, ba shi da ɓa. Waƙar da ke maganar ƙasa daga farko har ƙarshe, duk inda Baba ya ce ƙasa sai injin ya rubuta kasa. Baƙo ya koma bako, ɗa ya koma da. Na gaya wa Baba, ya ce dama shi bai so waƙarsa ta shiga boko ba, to ga shi bokon ma na mai tsamin baki aka samo masa. Yaya ya ce in riƙa sa ɗan waƙafi a saman harafin, in an fitar a takarda ma bi da biro mu yi masa ƙugiya. Haka na yi ta yi, rubutu ya cika da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda.

Amma wannan duk mai sauƙi ne a kan wuta. Garinmu na da turakun lantarki don muna bakin titi, sai dai turakun sun fi amfani wajen ɗaure awaki. Wuta ba ta da rana, ba ta da lokaci. Wani zubin ta zo jajir, ƙwan fitila kamar garwashi, injin ya yi nishi ya ƙi tashi. Mun bar ƙwan tsakar gida a kunne dare da rana don ya zama ɗan saƙo. Ina makaranta in na ji injin niƙa ya tashi, na san an kawo, sai in roƙi malamin ajin kusa ya duba mini yara, in tattare zane in yo gida da sauri. In kunna kwamfuta, ita kuma ta fara miƙa tana gurnani, tana fito da rubuce-rubucen da ba wanda ya tambaye ta. Sannan a je a kirawo Baba daga zaure.

Baba kuwa ba ya tashi a tsakiyar karatu. Sai mai biya ya kai aya. In ya tashi sai ya sake alwala, don ba zai ambaci sunan Allah a waƙa ba sai da tsarki. Sai a kamo hannunsa, a shimfiɗa buzu, ya zauna, ya gyara rawani, ya tambaye ni lafiyar yaran makaranta. Sau nawa yana buɗe baki zai yi bisimilla allon ya yi baƙi ƙirin, injin niƙa ya yi shiru can nesa. Sai ya ce Allah bai nufa ba, ya miƙa hannu a tashe shi. Ni kuma in zauna ina kallon fuskata a baƙin allo kamar in fasa shi.

Rana ta farko da muka yi nisa, na buga baitoci masu yawa ina murna, wuta ta ɗauke. Da ta dawo na duba, babu ko harafi. Ba wanda ya gaya mini cewa abin da ke kan allo bai shiga ko'ina ba sai ka tura shi da kanka. Na yi kuka ranar, kukan haushi. Da Yaya ya zo ƙarshen mako na tare shi tun a ƙofar gida, na ce gara ko ba komai tana barin ƙasa a ga shaida, nasa injin ko ƙasar bai bari ba. Ya yi dariya, abin da ya ƙara ƙular da ni, sannan ya nuna mini yadda zan riƙa tura kowane baiti cikin faifan. In na danna sai akwatin ya yi wata 'yar ƙara, ƙur-ƙur-ƙur, ɗan haske ya kama. Duk lokacin da ya yi, sai Baba ya dakata ya karkata kunne. Ya ce wannan ƙarar bai yarda da ita ba, ta yi masa kama da ta mai cin wani abu.

Sai babbar matsala, wadda ta kusa zautar da ni. Baba ba ya iya kama waƙar daga tsakiya. Duk zaman da za mu yi, daga bisimilla zai faro, ya yi yabon Ubangiji, ya yi salati, ya bi baiti-baiti yana rerawa da amshinsa, a hankali, kamar mai tafiya a gonar da aka yi wa huɗa. Ni kuwa hannuna na kan cinya, idona na kan ƙwan fitila, ina jin yadda wutar da muka samu da ƙyar take ƙarewa a kan abin da na riga na rubuta tun makon jiya. Rannan na kasa haƙuri, na sassauta murya yadda zan iya.

"Baba, wannan duk yana ciki. A wajen zakka muka tsaya."

"Ni ban san hanyar zakka ba sai ta ƙofar gida," in ji shi. Ya koma bisimilla, don na katse shi.

Na kawo dabara. Na ce to in ba wuta ya riƙa faɗa ina rubutawa a takarda, in an kawo sai in kwafe ni kaɗai. Ya ce ya ciyar da gara sau ɗaya, ya isa. Na gwada ɓoye littafi a ƙarƙashin mayafi, ashe wanda ido ya bari kunne yake ƙaruwa, yana jin motsin biro ya yi shiru, ya ce in na gama abin da nake yi in gaya masa. Na ce a aro rikoda. Ya ce ba za a sa waƙar wa'azi a bakin da ake sa kiɗa ba. Ina son mahaifina, Allah ya sani, amma a daminar nan na sha fita bayan rumbu in yi ta magana ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya.

Haka gero ya yi kai, aka fara yanka, mu muna tafiyar hawainiya. Wani zaman mu ƙara baiti biyu, wani zaman ba mu kai ko inda muka tsaya ba. Farkon waƙar kuwa na ji shi har ya gundure ni. Ina wanke-wanke yana bakina, ina rubutu a allon aji yana kaina, har a salla sai na yi ta korar sa. Baba kuma tari ya kama shi, muryar ta fara dushewa, in ya yi nisa sai an ba shi ruwa. Mata sun fara zuwa ganin kayan ɗakina, ni hankalina na kan turken lantarki.

Sai wata rana da hantsi aka kawo wuta, fara sol, ƙwan har yana kashe ido. Daga baya muka ji wai wani babba ne zai wuce ta yankin. Ko wane ne shi, na gode masa. Baba ya zauna ya faro daga ƙofar gidansa kamar kullum, ya wuce maƙwabci, ya wuce iyaka, ya wuce zakka, wuta na nan. Ya shiga inda ban taɓa ji ba, na sa hannu. Aka kira azahar ya je ya dawo, na tabbata za mu koma bisimilla, sai ga shi ya riƙe baitin a bakinsa yana ta maimaitawa a hanya don kada ya kuɓuce, ya ɗora daga nan. Wuta na nan. Yatsuna suka yi ta gudu, ina bugawa ina turawa cikin faifai, kowane baiti sai na ɗaga kai na dubi ƙwan.

Wanda ya san waƙoƙin malamanmu ya san yadda ake rufe su. Mai waƙa zai yi godiya ga Allah, ya roƙa wa iyayensa da malamansa gafara, ya faɗi ko shi wane ne, sannan ya yi addu'a ga wanda ya rubuta. A tsohon kwafin da gara ta ci shi ne mai waƙa shi ne mai rubutu, saboda haka wannan wurin babu shi. A ranar ya tsara shi, nan take, yana zaune a kan buzu. Na san ni yake nufi don na ji ya ce 'yata, na kuma tuna na tsaya neman inda zan sa ɗan waƙafin. Baitocin sun ɗan yi yawa, ba ɗaya ba ne ba biyu ba. Amma mai buga rubutu da sauri haruffa yake ji, ba magana ba. Kalma ta shiga kunne ta fita ta yatsa, ta gaba ta ture ta. Abin da kawai ke raina shi ne kada wutar nan ta ci amanata saura ƙiris. Na dai ga Inna a bakin ƙofa ta kai haɓar zane ido.

Ya ce tammat bihamdillahi. Na danna, akwatin ya yi ƙur-ƙur ɗinsa, ɗan hasken ya mutu. Na sauke numfashi, na kai hannu zan koma sama in karanta abin da ubana ya ce a kaina, sai wuta ta ɗauke. Har dariya muka yi, mu uku. Na zare faifan na ce gobe ma rana ce.

Ba a sake kawowa ba sai bayan wani ruwa mai iska, kuma da ta zo da hauka ta zo. Ƙwayayen fitila suka yi ta fashewa a gari, rediyon mutane suka ƙone. Kwamfutar tana jone, ta yi wata ƙara, hayaƙi mai warin roba ya cika ɗakin Inna. Yaya, wanda ya zo gida hutun kaka, ya duba ya ce ta tafi ke nan, amma kada mu damu, faifan yana waje, lafiyarsa lau, in mai ya samu zai kai birni a fitar mana a takarda. A lokacin ga kaka, ga biki, ga ba mota. Aka ce bayan biki.

Na ɗan gwada Baba. Ina ba shi magani na ce, kamar da wasa, ko zai maimaita mini ƙarshen nan, ban ji da kyau ba. Ya kawar da kai yana murmushi ya ce ai yana cikin faifaina, in ya tafi na karanta. Na san ba zai faɗa ba. Irin iyayenmu ba sa yabon ɗa a gaban idonsa. Ranar ma ba ni ya faɗa wa ba, injin ya faɗa wa, ni dai ina zaune a wurin ne.

Ana jibi za a kai ni, na kira Inna ɗaki na damƙa mata faifan, don gidan da zan je sabo ne, ban san ɗakin ba, ban san ɓerayensa ba. Ina so ta gane girman abin da ke hannunta, sai na zame ɗan ƙarfen nan na nuna mata abin da ke ciki, wani baƙin abu siriri mai sheƙi.

"Inna, kin ga baƙin nan? Duk waƙar Baba a jikinsa take. Wannan na wajen kwanso ne kawai. Ki ajiye shi inda gara ba za ta kai ba."

Ta karɓa da hannu biyu ta ce in sha Allahu wannan karon ba za a ji kunya ba.

Baba ya rasu da bazara. Bayan an share makoki, mutane sun ragu, muka yi shawara da Yaya a fitar da waƙar a raba wa ɗalibansa, ta zama sadaka mai gudana. Ni kuma, ban gaya wa kowa ba, shafin ƙarshe nake so. Na shiga wajen Inna, tana zaune cikin takaba, na ce ta ba ni ajiyata. Fuskarta ta ɗan saki, karo na farko tun rasuwar. Ta sa hannu a wuyan rigarta ta jawo wata igiya, a ƙarshenta ga laya sabuwa ta jar fata, ba ta fi akwatin ashana ba.

Na ce mata faifan nake nufi. Ta ce ai shi ne. Ta yi ta tunanin inda gara ba ta kaiwa, a kwalla, a cikin tukunya, a saman rufi, duk hankalinta bai kwanta ba. Sai ta tuna rubutu mai sunan Allah in ana so ya daɗe baduku ake kai wa. Ta aika masa da shi tare da bayanin da na yi mata. Shi kuma ya fasa kwanson, tunda an ce kwanso ne kawai, ya ciro baƙin, ya ninke shi yadda ake ninke takardar laya, ya naɗe da zare, ya ɗinke da fata mai kyau. Har ya aiko a gaya mata bai taɓa ganin takarda mai taurin kai irin wannan ba, sai da ya danne ta da dutse. Tana ba ni labari tana shafa layar, ta ce yanzu gara sai dai ta fara cin wuyanta.

Me zan ce wa uwata, tana takabar mijinta, ta yi abin da ta san shi ne iyakar gata? Ba abin da ta ƙara a kan maganata, ba abin da ta rage. Na ce sannu Inna, Allah ya saka. Na fita bayan rumbu, wurina na dā, na cusa mayafi a baki don kada a ji. Haushin wuta nake ji, da na injin, da na baduku, da na mai da ya hana mota tafiya, da na Baba da ya ƙi takarda. Na rasa wanda zan kama.

Da yamma na koma na tambaye ta, tunda tana bakin ƙofa ranar, ko ta riƙe abin da ya ce. Ta ce addu'a ce ya yi mini mai kyau ƙwarai. Na ce wace iri, da waɗanne kalmomi? Ta ce ita ina ta riƙe, kuka take yi.

Yaya ya kai ni wajen wani mai gyaran kwamfuta a Rijiyar Zaki. Ba mu je da layar ba, Inna ta ce ba mai farke mata ita. Na yi masa bayani. Ya tambaya ninki nawa aka yi, na ce irin na laya. Ya cire tabarau ya goge, ya ce Malama, abin nan ko yatsa aka sa masa yana iya lalacewa, balle dutse. Ban daddara ba. Shekaru da yawa duk inda na ga shagon kwamfuta sai na shiga na tambaya ko an ƙirƙiro wani inji mai karanta faifan da aka ninke. Da farko ana girgiza kai. Daga baya sai ya zama masu shagon ba su ma san wane faifai nake nufi ba.

Waƙar ba ta ɓata duka ba. Duk inda Baba ya yi ta maimaitawa ina cika ina batsewa, na same shi daram a kaina, daga bisimilla har bayan zakka, da amshinsa da inda yake jan numfashi. Tsofaffin ɗalibansa suka cike mini wasu wurare na gaba. Na buga ta a waya, wadda yanzu take da ƙa da ɗa da ɓa har da ƙari, aka fitar aka raba. Masu rigimar iyaka a garinmu har yau ana karanta musu. Abin da babu shi ne rufewar, wadda aka faɗa sau ɗaya, a ranar da wuta ta zauna lafiya.

Layar kuwa ba ta huta ba. Inna ta tsufa ƙwarai, amma duk wanda zazzaɓi ya kayar a gidan, ko mai tafiya jarrabawa, ko mai naƙuda, sai ta ciro ta rataya masa, in ya tashi ya dawo mata da abinta. Abin da nake nufi ke nan a ɗakin malamai. Haihuwata ta fari ta zo da gardama, ina gida wajenta, ta ɗaura mini ita a damtse ta ce addu'ata ce a ciki, ni ta fi dacewa da ita. Cikin ciwon nan abin da ke cina shekara da shekaru ya fito.

"Inna, ban fa san abin da ya ce ba."

Ta gyara ɗaurin ta ce, "Wanda aka roƙa ai ya ji."

Na san gaskiya ta faɗa, ban kuma taɓa yi mata musu ba. Amma ni 'yarsa ce, so nake in ji da kunnena. Wani lokaci in ina shara ko ina tsintar shinkafa sai in faro waƙar daga ƙofar gida, yadda yake yi, a hankali, ba tsallake, ko hanyar za ta kai ni. In wuce maƙwabci, in wuce iyaka, in wuce zakka, in kai inda ya roƙa wa malamansa gafara. In ce 'yata. Daga nan sai wutar ta ɗauke.